Ranar da Baiwa Ta Tona Asirin Gawa

A unguwar Hausawa ta Diobu, cikin Fatakwal, Inna Baiwa sana'a biyu gare ta. Ɗaya kowa na son ya gan ta a kai, ɗaya kuwa babu mai fatan ta shigo masa gida dominta. Da safe tana bakin tashar Mile 3 a gaban tanda, tana suyar waina, tana faɗa da direbobin manyan motocin da ke kawo shanu daga arewa. Idan kuma mace ta rasu a unguwar, ita ake aika wa. Sai ta bar wa maƙwabciya ƙullun, ta koma ɗaki ta ɗauki jakar da ke rataye a bayan ƙofa, ta tafi wankan gawa.

'Yar Misau ce. Mijinta, mahauci, shi ya kawo ta Fatakwal tana goyon fari. Ya yi aiki a kwata har ƙarfinsa ya ƙare, ya rasu ya bar ta a ɗakin haya cikin wani dogon gida mai ɗakuna suna fuskantar juna. 'Ya'yanta sun yi ta fama ta koma gida ta huta da ruwan saman garin nan da baƙin hayaƙinsa, ta ce su ƙyale ta, idan ta tafi wa zai wanke matan Diobu? Wankan ta koya ne a hannun wata tsohuwa 'yar Gumel da ta riga mu gidan gaskiya. Ita ta nuna mata yadda ake naɗe hannu da ƙyalle, yadda ake matsa ciki a hankali, yadda ake tsefe kai a raba gashi uku. Garin babu magarya, don haka direbobin da take zagi kullum su ne ke kawo mata busasshen ganyen a leda, ita kuma ta ƙara musu waina a kan wadda suka saya.

Abu ɗaya tsohuwar ta fi nanata mata, kuma shi malamai ma suke faɗa: abin da mai wanka ta gani a jikin gawa amana ce, ba a fita da shi daga ɗakin. Wanda ya san Baiwa zai yi mamakin yadda ta riƙe wannan, don mace ce da ba ta iya haɗiye magana. Ta taɓa bin wani kwandasta har cikin mota da matankaɗi saboda ya ce wainarta ta yi tsami. Amma a kan gawa, sama da shekara ashirin, ko 'yarta ta cikinta ba ta taɓa jin uffan daga bakinta ba.

Kuma ta ga abubuwa. A waje ana sanarwa a lasifikar masallaci cewa wance ta rasu bayan gajeriyar rashin lafiya, ita kuwa a ciki hannunta na ƙarƙashin zane yana gaya mata cewa ƙarya ake yi, ciwon ya shekara yana cin matar. Ta taɓa nonon da ya ƙanƙare kamar dutse, an lulluɓe shi da ganye. Ta wanke cikin da ya kumbura shekaru ana cewa ciki ne ya kwanta. Ta gama, ta sa kafur, ta ɗaure likkafani, ta fito ta ce wa dangi Allah ya jiƙanta, su ce amin, ta koma gida ranta a ɓace. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne duk ciwon da ya sauka ƙasa da cibiyar mace, a Diobu sunansa ɗaya, sanyi. Ƙaiƙayi sanyi ne, ruwa mai wari sanyi ne, ciwon mara sanyi ne, jini ma idan ya ƙi tsayawa sanyi ne ya yi yawa. A dafa saiwa, a yi tsarki da bagaruwa, a aika kemis a sayo ƙwaya mai launi biyu, shi ke nan an yi magani.

Sai ga rasuwar Rukayya. Rukayya ƙawarta ce, mai sayar da kayan miya, mace mai tsafta da dariya. Ta haura hamsin, al'ada ta ɗauke mata da daɗewa, sai kwatsam jini ya dawo. Mata suka mayar da abin wasa, wai Rukayya ta koma budurwa, maigida ya shirya raɗin suna. Ita ma ta yi dariyar. Damuwarta ɗaya ce, salla: ta yi ko ta bari? Ta kai tambayar Islamiyyar matan aure da ake yi ranar Asabar, gaban Malama Bilkisu. Malama ta duba, ta ce wannan ba haila ba ce, jinin cuta ne, ta yi tsarki ta sa ƙunzugu ta yi sallarta. Amsar daidai ce, babu malamin da zai ce an yi kuskure. Kalmar cuta tana cikin amsar ƙiri-ƙiri, amma duk ajin babu wadda ta tsaya ta ce, to wace cutar? Rukayya ta koma gida da kwanciyar hankali, ta ci gaba da sallarta, ta ci gaba da ramewa.

Ranar da aka kira Baiwa, ta tarar da ƙanwar mamaciyar, Maijidda, zaune a ƙofar ɗaki tana kuka. Baiwa ta ce ta shigo ta zuba mata ruwa, ai ita ta fi kusa. Maijidda ta sunkuyar da kai ta ce ba ta da tsarki. Wata dattijuwa ce ta riƙe buta, fuskarta a juye, Baiwa kaɗai ta sa hannu ƙarƙashin zane. Abin da ta tarar bai kamata a rubuta shi duka ba. Tsumma ne a kan tsumma, an cusa su an ɗaure da igiyar zane, kuma duk turaren wutar da aka cika ɗakin da shi bai iya danne warin ba. Naman wurin ya zagwanye. Matar da suke zama tare a benci guda suna ɓare gyaɗa, ashe da wannan take yawo, tana fesa turare tana dariya. Baiwa ta wanke ƙawarta tana hawaye, kuma hawayen na takaici ne. A lasifika aka ce taifot.

Bayan an share makoki da 'yan watanni, Maijidda ta zo sayen waina. Shekarunta ba su wuce arba'in da 'yan kai ba, 'ya'yanta biyar, mijinta Imrana mahauci ne a kwata. Ta durƙusa ta gaishe ta, ta miƙa kwano, da ta miƙe sai Baiwa ta ga ta dafe mara, ta kuma ji wani ƙamshin turare mai ƙarfi da bai dace da safiya ba. A ƙarƙashin turaren akwai wani wari da hancinta ya riga ya sani.

Baiwa ta ja ta bayan rumfa. "Maijidda, tun ranar wankan yayarki kika ce min ba ki da tsarki. Yau kina da shi?"

"Inna, yana zuwa yana ɗaukewa ne. Ba lokacinsa ba ma sai in gan shi. Har in maigida ya..." Ta kalli ƙasa. "Sanyi ne. Ina shan magani."

"Wa ya duba ki ya ce sanyi ne?"

"Ai kowa ya sani, Inna."

"Kowa likita ne? Ki je asibiti gobe. Ba jibi ba, gobe."

Maijidda ta yi 'yar dariya irin ta mai son a bar zance. Ta ce asibitin garin nan maza ne ke duba mutum, ga shi ba ta jin Turanci sosai, sai dai a samo mai fassara, ita kuwa ta faɗi irin wannan magana a gaban wa? Imrana ya ce a bari bayan Babbar Salla, idan sun je gida, akwai wata mata a garinsu da ta iya haɗa magani. Babbar Sallar kuwa saura watanni. Maganar na bakin Baiwa, kalmomi kaɗan ne, ta ce abin da ya kashe yayarki ke nan. Ta haɗiye, don amanar gawa ce. Ta zuba mata waina ta sallame ta, ranar har tanda biyu ta ƙona.

Ba ta zauna ba. Ta fara da Malama Bilkisu, ta same ta a gida, suka gaisa gaisuwar manya. Ta ce, "Malama, idan mace ta kawo miki tambayar jini, don Allah ki riƙa ƙara mata da cewa ta je a duba ta." Malama, mace mai kirki da sanyin murya, ta ce ita abin da aka tambaye ta take amsawa, hukuncin salla ta karanta, ba aikin asibiti ba, kuma idan ta fara tura matan mutane wurin likitoci maza, mazajen za su hana su zuwa makarantar gaba ɗaya. Baiwa ta ga akwai gaskiya a ciki, kuma gaskiyar ta ƙara ba ta haushi.

Daga nan ta hau keke mai ƙafa uku ta tafi kwata, inda mace mai shekarunta ba ta cika zuwa ba. Ta tsallake jini da ruwan tumbi ta sami Imrana yana fiɗa. Ya ajiye wuƙa ya rusuna, "Inna, lafiya? Da kin aiko ai da na zo."

"Matarka ba ta da lafiya."

"E, ta faɗa min, ciwon mata ne. Na ba ta na magani. Wallahi Inna yanzu no time, kin ga yadda aiki yake. Bayan Salla in sha Allahu."

"Imrana, saniya idan ka buɗe cikinta ka ga hanta ta ɓaci, kana cewa a bari bayan Salla?"

Mahautan da ke kusa suka bushe da dariya. Imrana ya haɗe fuska, ya ce shi dai ba zai kai iyalinsa wani ƙato ya buɗe ta ba, kuma maganar mata ce, su mata su san yadda za su yi. Ya ɗauki wuƙarsa. Baiwa ta dawo gida zanenta duk ƙarnin kwata, tana magana ita kaɗai a cikin keke har mai keken ya waiwayo ya ce, "Mama, hope no problem?"

A ɗakin da ke fuskantar nata akwai Magdalena, 'yar Zonkwa, ma'aikaciyar jinya a wani asibitin gwamnati. Shekararsu goma suna raba igiyar shanya. Baiwa ta tambaye ta a kaikaice, wai idan mace tana ganin jini ba lokacinsa ba, ko bayan ta sadu da miji, ko bayan al'ada ta ɗauke mata, ga ruwa mai wari, mene ne? Magdalena ta ajiye wankin da take yi. Ta ce, "Mama Baiwa, yana iya zama ƙaramin abu, sau da yawa ma ƙaramin ne. Amma yana iya zama dajin bakin mahaifa, kuma ba a ganewa sai an duba. Wanda aka kama da wuri ana maganinsa. Wace ce? Ki kawo ta, akwai likita mace ranar Talata, ni zan tsaya in yi mata fassara." Baiwa ta aika wa Maijidda da wannan saƙo har sau biyu. Amsar da ta dawo ita ce ta gode, ta ji sauƙi.

Wata ranar Asabar ana yayyafi, mata sun cika ajin Islamiyya, kwanon rufi na ɗiga a kusurwa. Da aka zo lokacin tambayoyi sai Maijidda ta ɗaga hannu. A ajin nan babu macen da ke tambayar abin da ya shafe ta, kullum wata ce ta aiko. Ta ce, "Malama, wata ce ta ce in tambaya mata. Jini ne yake zuwar mata ba ƙaƙƙautawa, har ta kasa gane na al'ada da wanda ba shi ba. Ya za ta yi da salla da azumin da ake bin ta?"

Malama ta gyara tabarau ta fara bayani, a ƙirga kwanakin da aka saba, abin da ya ƙaru jinin cuta ne, a yi wanka a yi salla. Mata suna gyaɗa kai, wata na cewa Allah ya ƙara sani. Baiwa ta dubi kawunan nan suna gyaɗawa, irin gyaɗawar da suka yi wa Rukayya a kan wannan bencin. Ba ta san ta miƙe ba.

"Malama, a gafarce ni. Ita wata ɗin da ta aiko, a gaya mata ta yi sallarta, amma ta yi da sauri, don an kusa yi mata tata."

Duk ajin ya juyo yana kallonta.

"Kun san me ya kashe Rukayya? Kun ce taifot. Ni na wanke ta! Ni na sa hannu!" Malama ta ce, "Inna Baiwa, ki ji tsoron Allah, amana ce." Baiwa ta ce, "Na ji tsoronsa shekara ashirin ina rufe muku baki, kuna mutuwa ɗaya bayan ɗaya kuna ce min sanyi!" Sai ta faɗa. Ta faɗi tsummokaran, ta faɗi igiyar, ta faɗi warin da turare ya kasa rufewa, ta faɗi yadda naman ya koma. Ba ta rage komai ba. Wata ta toshe kunne, wata ta fita da gudu ta yi amai a bakin kwatami. Baiwa ta juya ta dubi Maijidda ido cikin ido ta ce, "Da jini kaɗan ya fara mata, irin naki. A nan ta yi tambayarki, a nan aka ba ta amsarki. Ke kuma turaren da take sawa kika gada."

Maijidda ta miƙe. Ta ce, "Allah ya isa tsakanina da ke. Yayata tana kabari kin yi mata tsirara a gaban mutane." Ta ja mayafi ta fita cikin ruwan.

A gaskiya Baiwa ba ta kyauta ba. Tana iya jan Maijidda ɗaki ta gaya mata su biyu, laifin ya zo da sauƙi. Ita kanta ta san haka, ta kwana biyu ba ta fita suya ba, tana neman gafarar Allah da ta Rukayya. Amma duk wanda ya zo mata da faɗa sai ta tashi masa, ta ce a ɓoye aka yi ta yi har aka kai Rukayya rami, ita ta gaji da ɓoyo. Kafin Juma'a maganar ta gama unguwa, ta shiga kwata, ta shiga tasha. Mijin marigayiya ya kai ƙara wurin liman. Liman ya aiko aka kira ta, ya yi mata nasiha a tsanake, ya ce jama'a ba za su ƙara sakin jiki su ba ta gawar matansu ba, ta huta haka nan, za a nemi wata. Ta ce to. Ba ta roƙi kowa ba. Mata da yawa suka daina sayen wainarta, direbobi ne kawai ba su fasa ba, su da ma sun saba da bakinta.

Abin da ba ta sani ba sai daga baya shi ne, Talatar da ta biyo bayan wannan Asabar, Maijidda ta tsaya a bakin titi nesa da gidan, ta aika aka kira mata Magdalena. Tun ranar Asabar ɗin Maijidda ba ta iya barci ba, duk tsumman da ta cire sai ta tsaya tana dubansa. Ta gaya wa Imrana cewa ko ya yarda ko bai yarda ba za ta je, idan ya ga dama ya sallame ta ta mutu a gidan ubanta. Shi ma maganar ta iso masa a kwata da duk bayaninta, kuma mahauci ya san abin da ake nufi da nama ya zagwanye. Sai ya tare musu keke.

Aka duba, aka ɗebi abin gwaji, aka yi ta kai da kawo. Dajin ne, amma likitar ta ce bai bazu ba. Aka yi mata aiki aka cire mahaifar. Babbar Sallar da za a je gida neman mai haɗa magani, a gadon asibiti ta same ta. Magdalena ce ke kawo wa Baiwa labari a bakin igiyar shanya, kaɗan-kaɗan, tana cewa, "Mama, ni ma bai kamata in faɗa ba o." A cikin watannin nan mata huɗu ko biyar daga ajin suka bi ta ƙofar Magdalena a sace, kowacce wai wata ce ta aiko ta. Babu wadda ta leƙa ɗakin Baiwa da ke fuskantar na Magdalena ta ce sannu.

A tsakanin nan wata tsohuwa ta rasu a layin bayansu. Baiwa tana jin sanarwa ta miƙe ta nufi bayan ƙofa, sai ta tuna, ta koma ta zauna. Wata aka ɗauko daga Mile 2 ta yi wankan.

Wata safiya bayan ruwa ya ɗauke, tana juya waina, sai ta hango Maijidda tafe daga wajen kasuwa da ledar cefane, ta rame amma tana taka ƙasa da ƙarfinta, autarta na riƙe da gefen mayafinta. Hanyar ta gaban tandar take, babu wata. Baiwa ta ajiye tsinken juyi, ta goge hannu a zane, ta buɗe baki za ta ce sannu da jiki. Maijidda ta dube ta sau ɗaya, ta ɗauke kai, ta ja hannun yarinyar suka wuce.

Wani direba da ke tsugune yana cin waina ya ce, "Kai, Inna, wannan ba ita ce wadda aka ce kin... ko gaisuwa babu?"

"Ci wainarka," in ji Baiwa. Ta bi bayan Maijidda da kallo har ta sha kwana, idonta ya kawo ruwa, ta share da bakin zane cikin fushi. "Ta wuce ni da ƙafarta har ƙarshen rayuwata, kada ta gaishe ni. Ni dai ban wanke ta ba."